Nazarin lamari: firijin Monitor Top na 1934 da ke ƙara kuma ƙanƙararsa ta tsaya rabi

Firijin da ake magana a kansa ƙirar kamfanin General Electric ne na Amurka, samfurin Monitor Top, nau'in CA, wanda aka yi a 1934. Irin firijin nan ne mai ƙafafu huɗu, ƙofa ɗaya, da injinsa kamar ganga a zaune bisa akwatin. Ya yi shekaru a ajiye a wuri mai sanyi ba tare da an jona shi da wuta ba. Da aka fito da shi, sai aka goge shi, aka sa fulogi a soket, aka murɗa makunni nan take. Injin ya tashi, amma da ƙara mai kaɗawa kamar ana buga ƙarfe a cikin gangar. Bayan 'yan mintoci obalod, wato na'urar da ke kare injin idan ya ja wuta fiye da kima, ya katse wuta. Aka sake kunnawa sau da yawa har ya yarda ya ci gaba da juyawa, sai dai ƙarar ba ta tafi ba, kan gangar ya yi zafi fiye da kima, gidan ƙanƙara ya yi fari a ƙasansa kawai, samansa kuma jiƙe yake da raɓa. Injin bai tsaya ya huta ba ko sau ɗaya, kuma cikin akwatin bai sauko zuwa sanyin da ake ajiye abinci ba.

Wanda ya saba da firijin zamani hukunci biyu zai yanke da ganin haka: ko gas ya ragu, ko kwampreso, wato injin da ke matse gas, ya gaji. A wannan injin duka biyun kuskure ne, kuma aiki da su zai hallaka shi. Kafin a taɓa komai sai an san abin da ke yawo a cikin bututunsa.

Abin da ke cikin gangar

General Electric ta fara sayar da Monitor Top a 1927, kuma injiniyan da ya jagoranci ƙirarsa a Schenectady ta jihar New York shi ne Christian Steenstrup. Abin da ya bambanta shi da firijin da suka riga shi shi ne an rufe motar lantarki da kwampreso ruf a cikin ƙarfe ɗaya, babu bel, babu sandar da ke leƙowa waje ta bar gas ya tsiyaye. Nau'in farko, DR, yana aiki da salfa dayoksaid a matsayin gas ɗin sanyaya. Nau'in CA na 1933 da 1934 ya koma ga metil fomet. Daga 1935 nau'in CK ya sake komawa ga salfa dayoksaid. A lokacin wani gas ɗin sanyaya mai suna Freon-12 ya riga ya fito tun 1930, amma a hannun General Motors, mai kamfanin Frigidaire, da DuPont yake.

Duk halayen CA daga metil fomet suka fito. Ruwa ne da ke tafasa a kusan digiri 32 na Salsiyos idan yana cikin matsin iskar waje. Salfa dayoksaid yana tafasa a digiri 10 ƙasa da sifili, Freon-12 kuma a kusan 30 ƙasa da sifili. Ke nan metil fomet ba zai tafasa a gidan ƙanƙara ba sai kwampreso ya zuƙe matsin wurin ƙasa sosai. A digiri 10 ƙasa da sifili, matsin tururinsa bai wuce kashi ɗaya cikin shida na matsin iskar waje ba. A ɓangaren zafi kuwa, idan kwandensa, inda tururi ke sakin zafi ya zama ruwa, tana digiri 40, matsin ya ɗan haura na waje ne kawai, kusan bar 1.3 (bar ma'aunin matsi ne, matsin iskar waje kusan bar 1 ne). Idan injin yana kashe a ɗaki mai digiri 20, dukkan cikinsa yana ƙasa da matsin waje. Wannan magana ita ce ginshiƙin gyaran baki ɗaya: injin da ya huce, in aka buɗe shi, iska yake zuƙa ciki, ba gas yake fitarwa ba.

Zagayen kansa ba shi da wuya. Kwampreso mai juyawa yana zuƙo tururi daga gidan ƙanƙara, ya matse shi ya zuba cikin gangar da motar take. Daga nan tururin ya shiga kwandensa, wadda take kewaye da gangar, ya saki zafinsa ga iskar ɗaki ya zama ruwa. Ruwan yana taruwa a wani ɗan kwano rufaffe mai fulot a ciki, kamar dai fulot ɗin tankin ruwa, sai dai wannan buɗewa yake yi idan ruwa ya hau: fulot ya ɗaga allura daga mazauninta, ruwa ya wuce gidan ƙanƙara, ya tafasa, ya janye zafin akwatin. Babu fanka ko ɗaya. Iska mai sanyi tana saukowa da kanta daga gidan ƙanƙara, mai ɗumi ta hau, zafin injin kuma ya tashi sama bai ratsa jikin akwatin ba. Tamosta, mai kunna injin da kashe shi gwargwadon sanyi, ba ya auna iskar akwatin. Bututunsa a manne yake da jikin gidan ƙanƙara, sanyin ƙarfen yake bi.

Akwai kuma wani ƙaramin abu da mutane da yawa ba su san da shi ba: hita mai ƙarfin wat 12 zuwa 15 da ake zurawa ta wani rami a wuyan injin har ƙarƙashin man kwampreso. Tana aiki da zarar an jona fulogi, ko da makunni a kashe yake.

Wuta tukuna

Mataki na farko da ya kamata shi ne cire fulogi a daina gwajin kunnawa. Kowane tashi da obalod ya katse yana dafa wayoyin motar, kuma rufin waɗannan wayoyi na zamanin da ne, ba ya jure zafi kamar na yanzu. Motar da ta ƙone a cikin ganga mai walda ba ƙaramin aiki ba ce. Sai an yanka gangar.

An duba wayoyin waje. Robar da ke rufe da igiyar wuta da wayoyin da ke tsakanin rile (makunnin da ke ba motar wutar tashi) da tamosta ta bushe, tana farfashewa da an lanƙwasa ta. An sauya su duka da waya mai kauri daidai, aka ƙara waya ta uku ta ƙasa, wato atin, aka ɗaura ta a jikin ƙarfen injin da na akwatin, domin asalin firijin waya biyu kawai aka yi masa. Kafin a cire kowace waya ana yi mata alama, saboda launin tsofaffin duk ya koma ɗaya. Injin na volt 110 ne a saikul 60, kuma haka za a ba shi.

Sai motar. Tana da naɗi biyu, na gudu da na tashi, da ƙafa ɗaya da suka haɗu a kai. Mita ta nuna na gudu yana da 'yan om kaɗan (om ma'aunin turjiyar waya ne), na tashi ya fi shi, kuma jimillar biyun ta yi daidai da abin da aka auna tsakanin bakunansu biyu. Wannan ya nuna babu wanda ya tsinke. Gwajin rufi tsakanin naɗi da jikin ganga, a volt 250, ya haura megom 1, wato om miliyan ɗaya, nesa ba kusa ba. Da ya faɗi ƙasa da haka, da ba a sake jona shi ba. Rile ɗin tashi yana da baƙi a bakin haɗinsa. An goge shi da takarda mai laushi, aka tabbatar hannunsa yana ɗagawa yana faɗuwa ba tare da maƙalewa ba. Rile da ya maƙale a rufe yana barin naɗin tashi cikin wuta har ya ƙone cikin ɗan lokaci, don haka ba abin rainawa ba ne, amma ba shi ne ya kawo ƙarar ba.

Hita da ƙarar ƙarfe

Gwajin hita ya fi kowanne sauƙi. A sa mitar wat tsakanin soket da fulogi, makunni a kashe, ƙofa a rufe don kada fitilar ciki ta shiga lissafi. Hita mai rai za ta nuna wat 12 zuwa 15. A nan mitar ta nuna sifili. Aka auna bakin fulogin da mitar om: ya kamata a ga tsakanin om 800 da 1,100, amma hanyar a tsinke take. Hitar ta mutu, mai yiwuwa tun kafin a ajiye firijin.

Ga dalilin da ya sa wannan ƙaramin abu yake da girma. Tururi yana neman wurin da ya fi sanyi ya zama ruwa a can. Tun da gangar CA tana ɓangaren matsi mai yawa, kuma metil fomet yana zama ruwa a zafin ɗaki, da ƙasan gangar ya huce sai gas ɗin ya kwanta a cikin mai. Shekarun ajiya sun ba shi lokacin da kaso mai yawa na gas ɗin ya koma can. Wannan yana jawo ɓarna iri biyu. Man ya tsinke, ba ya riƙe sassan kwampreso, ruwan gas yana shiga inda tururi kaɗai ya kamata ya shiga, sai ka ji bugun ƙarfe kuma motar ta sha wuya har obalod ya katse. Sannan gas ɗin da ya kwanta a mai ba ya cikin zagaye, don haka gidan ƙanƙara yana zama da yunwa ko da ko ɗigo bai tsiyaye waje ba. Wannan ne ke yaudarar mai gyara ya ce gas ya ragu.

An zaro tsohuwar hitar a hankali ta wayoyinta, aka share ramin, aka zura sabuwa mai kauri da ƙarfi kusan iri ɗaya har ta kai ƙarshen ramin. Hitar da ta tsaya rabin hanya wuyan injin take ɗumamawa, ba mai ba. Daga nan aka jona fulogi, makunni a kashe, aka bar shi awa 24 cur. Mutane sun fi karya wannan ƙa'ida fiye da kowace, saboda ba a ganin komai yana faruwa. Amma wat 12 ƙaramin zafi ne, ƙarfen da zai ɗumama kuma mai nauyi ne, ga ruwan da zai tafasar. Duk CA da ya kwana biyu babu wuta, haka za a yi masa kafin a murɗa makunni, ko da hitarsa lafiya lau take.

Washegari injin ya tashi ba tare da obalod ya katse ba, ƙarar ta ragu sosai, ƙanƙara ta hau sama fiye da da. Amma bayan kamar rabin awa ƙarar ta dawo, mitar wat ta ci gaba da hawa har ta wuce 200, alhali injin irin wannan idan yana lafiya ƙasa da haka yake zama, kuma sauka wat ɗinsa ke yi yayin da gidan ƙanƙara ke sanyi. Saura matsala ta biyu.

Iskar da ba ta zama ruwa

Hannu ne ya gano ta. An shafa jikin kwandensa daga sama zuwa ƙasa bayan injin ya yi minti 30 yana gudu: sama zafi, tsakiya ɗumi, ƙasa kuma kamar zafin ɗaki. Kwanon fulot ma sanyi ƙalau. A injin da ke lafiya bambancin sama da ƙasa kaɗan ne, kuma kwanon fulot ɗumi yake har samansa, domin tururi yana isa ko'ina yana sakin zafi.

Metil fomet ba ya zama yadda yake har abada. Idan ya haɗu da ɗan danshi da zafi, yana rabewa ya ba da metanol da asid ɗin fomik, kuma rabewar tana ci gaba har ta haifar da iska irin su kabon monoksaid. Waɗannan ba sa zama ruwa a zafi da matsin kwandensa, don haka ba su da hanyar wucewa ta allurar fulot. Tururin da ke kwarara yana tura su gaba har su taru a ƙarshen hanya, wato ƙasan kwandensa da saman kwanon fulot. A nan gizo ke saƙa. Wurin da suka mamaye ya fita daga aiki, sai sauran kwandensar ta yi zafi sosai kafin ta iya zubar da zafin. Matsinsu kuma yana ƙaruwa a kan na gas ɗin, kwampreso yana turawa da ƙarfi, wat yana hawa. Hawan matsi yana ɗaga zafin da gas ke zama ruwa a kai, sai ya koma kwanciya cikin mai duk da hitar tana aiki, ƙara ta dawo. Zafin da ya ƙaru kuma yana hanzarta rabewar gas ɗin. Matsalolin biyu suna ciyar da juna, shi ya sa gyara ɗaya kaɗai ba ya wadatarwa.

Kamfanin ya san da wannan, ya sa sukurun fitar da iska a kan kwanon fulot, ƙarƙashin wata hula. Makullinsa na musamman ne mai haƙora, ana kiransa Bristol, kuma da shi kaɗai ake kama shi. Wanda ya cusa wani makulli ya cinye haƙoran ya rufe wa kansa hanya. A wannan injin sukurun ya yi tsatsa, sai aka jiƙa shi da man warware tsatsa na kwanaki kafin a gwada.

Sharaɗin fitar da iskar shi ne matsin ciki ya fi na waje. Injin sai yana gudu, ya yi ɗumi, ɗakin ma kada ya yi sanyi. Don a ba shi aiki mai nauyi ana barin ƙofa a buɗe, a sa kwanon ruwan zafi a gidan ƙanƙara, ana sauya ruwan idan ya huce. Tagogi a buɗe, babu wuta, babu sigari, babu abin da ke tartsatsi a kusa, domin metil fomet yana kama wuta da sauƙi, kabon monoksaid kuma guba ne marar wari. Ana zuba ɗan mai marar kauri a ramin sukurun har ya rufe kansa. Man shi ne idon mai gyara. A murɗa sukurun kaɗan, ƙasa da kwata na zagaye, har ƙananan kumfa su fara fitowa ɗaya bayan ɗaya. Idan maimakon kumfa aka ga man yana nutsewa ciki, a rufe nan take: matsin bai kai ba, injin yana shan iska, a ƙara masa zafi a jira.

Ana barin kumfa ta fita na 'yan mintoci, a rufe na ɗan lokaci, a sake buɗewa. Rufewar tana ba iskar damar sake taruwa a saman kwanon, ta yadda abin da ke fita zai fi yawa da ita, ba da gas mai amfani ba. Wanda ya buɗe da yawa don ya gama da wuri metil fomet yake zubarwa, kuma kowane abin da ya fita ba ya dawowa. Injin da ya tara iska ta shekaru yana iya cin awa ɗaya ko fiye. Alamar ci gaba a jikin ƙarfe take: zafi yana saukowa a hankali zuwa ƙasan kwandensa, sannan ya hau jikin kwanon fulot daga ƙasa zuwa sama. Mitar wat tana sauka, ƙarar tana lafawa, ana jin tsiyayar ruwa a gidan ƙanƙara. Da saman kwanon ya yi ɗumi daidai da kwandensa, an gama. A ɗaure sukurun sosai amma ba da ƙarfin tsiya ba, a bar ɗan mai a ramin a ga ko kumfa na fitowa, a mayar da hula kafin injin ya huce.

Bayan haka ƙanƙara ta rufe gidan ƙanƙara har sama, tamosta ya fara katsewa da kansa, injin ya koma gunjinsa na ƙasa-ƙasa.

A nan ya kamata a faɗi abin da zai faru da an bi hukuncin farko an ɗura masa gas na zamani. A digiri 40 matsin R-134a, ɗaya daga cikin gas ɗin zamani, ya kai kusan bar 10, na Freon-12 ma kusan haka, alhali an gina kwandensa da gidan ƙanƙarar CA don abin da bai kai bar 2 ba. Kwampreson an yi shi ne ya kwashi tururi marar nauyi mai yawa. In aka ba shi tururi mai nauyi motar ba za ta iya juya shi ba. Fulot ɗin ma an daidaita shi da nauyin ruwan metil fomet, wanda ya ɗan gaza na ruwan sha. Ba gyara ba ne, ƙarasa injin ne.

Akwatin

Injin ya warke, amma lokacin gudunsa ya fi na hutunsa tsawo, ƙanƙara kuma tana kauri da sauri. Wannan laifin akwati ne. An sa tsirin takarda a bakin ƙofa aka rufe aka ja: a gefen maƙulli ta riƙe, a kusurwar ƙasa ta zare ba tare da wata turjiya ba. Tocila da aka kunna a ciki cikin duhu ta nuna haske a wurin. Robar ƙofar ta taurare ta tsage. An sauya ta, aka daidaita maƙullin har takarda ta riƙe a duk kewayen. Akwai wata robar kuma tsakanin injin da kan akwatin, inda injin ke zaune. Ita ma an sauya ta, domin iska mai danshi da ke shiga ta nan kai tsaye take zuwa cikin bango.

Bangon waɗannan akwatuna cike yake da kwali mai ninki-ninki. Idan ya bushe yana tare zafi yadda ya kamata, saboda kaurinsa. Idan ya jiƙe ya zama hanyar zafi, kuma yana cin ƙarfen da tsatsa daga ciki. A nan ƙasan akwatin ya yi danshi, sai aka cire abin da ya ruɓe aka cike da sabon abin tare zafi. Ɗaga injin daga kan akwatin aiki ne na mutum biyu ko ƙugiya, a tsaye ake ɗaga shi, kuma ba a ajiye shi bisa gidan ƙanƙarar da ke rataye a ƙarƙashinsa. Sai an yi masa mazauni da zai ɗauke shi ta gefuna.

Maƙullin ƙofar yana matse roba fiye da maganaɗisun firijin yanzu, amma ba ya buɗuwa daga ciki. Yara sun mutu a cikin irin waɗannan akwatuna, abin da ya sa Amurka ta kafa doka a 1956 cewa ƙofar firiji dole ta buɗu daga ciki. Duk gidan da ke da yara kuma yake da irin wannan firiji, musamman in babu kaya a cikinsa, ya ɗaure ƙofar ko ya cire maƙullin.

Yadda yake aiki bayan gyara

Da ma'aunin zafi a cikin kofin ruwa a shiryayye na tsakiya, an daidaita tamosta har ruwan ya zauna a digiri 3 zuwa 4. Ruwa ake aunawa, domin iska tana hawa da sauka da kowane buɗe ƙofa. Sanyin ba ɗaya ba ne a ko'ina: ƙarƙashin gidan ƙanƙara ya fi sanyi, nan ne wurin nama da madara, kusurwoyin nesa da shi sun fi ɗumi. Shimfiɗa leda ko faranti mai faɗi a kan shiryayyen waya yana tare zagayen iska, kuma tun da babu fanka, babu abin da zai rama.

Gidan ƙanƙarar yana yin ƙanƙarar sha da kyau, amma ba firiza ba ne. Yana yawo ne a kusan digiri 10 ƙasa da sifili, kuma a buɗe yake ga iskar akwatin, alhali ajiyar nama na watanni tana buƙatar 18 ƙasa da sifili. Wanda ya murɗa tamosta zuwa ƙarshe don neman wannan sanyin zai daskarar da kayan lambu ne kawai ya wahalar da injin. Idan ƙanƙara ta kai kaurin milimita 6 sai a narkar da ita: a kashe makunni amma a bar fulogi a jone don hita, a sa kwanon ruwan ɗumi. Wuƙa ba ta zuwa kusa. Huda a CA yana zuƙar iska da ruwan narkewa zuwa ciki. Huda a DR ko CK yana fitar da salfa dayoksaid mai shaƙe numfashi wanda zai kori kowa daga gidan.

Game da cin wuta, ana yawan ɗauka cewa tsohon firiji duk mai cin wuta ne. Wannan gaskiya ne ga firijin Amurka na shekarun 1970, waɗanda matsakaicinsu ya kai kusan kilowat-awa 1,800 a shekara saboda hitar narkar da ƙanƙara, fankoki, hitar hana gumi da siraran bango. Monitor Top ba shi da ko ɗaya cikin waɗannan. A yi lissafi da injin da ke jan wat 150 yana gudu kwata na lokaci: wat-awa 900 a rana. Hita mai wat 12 ta ƙara 288. Jimilla kusan kilowat-awa 1.2 a rana, wajen 430 a shekara. Adadin yana kusa da na firijin zamani mai matsakaicin girma, amma adalci ya sa a faɗi cewa akwati mai girman kubik ƙafa 7 kusan lita 200 ne kawai, kuma babu firiza. Idan aka auna da lita, na zamani ya fi shi nesa. Kuma a ɗaki mai zafi lokacin gudun yana ƙaruwa, musamman in an ɗora kaya a kan gangar ko an tura shi ƙarƙashin kanta, domin kwandensar da iskar da ke tashi ta cikinta kaɗai ta dogara.

Iskar da aka fitar za ta sake taruwa, domin rabewar gas ɗin ba ta tsayawa. Abin lura shi ne hannu da mita: a rubuta wat ɗin injin a ƙarshen gudu da tsawon gudu da hutu a ranar da aka gama gyara, tare da zafin ɗakin, a riƙa kwatantawa. Wat ya hau, kwanon fulot ya huce, ƙara ta dawo: lokacin fitar da iska ya yi. Ba a buɗe sukurun don al'ada kawai.

Akwai wata alama dabam da ba a so a rikita ta da wannan. Idan wat bai hau ba, kwanon fulot yana da ɗumi, amma ana jin huci marar yankewa a gidan ƙanƙara, ƙanƙarar ta yi rauni, hutun injin kuma ya gajarta, to allurar fulot da mazauninta ne suka cinye, kuma asid ɗin fomik yana da hannu a cikin hakan. Tururi mai zafi ke wucewa tare da ruwa. Fitar da iska ba ya maganin wannan, ƙara ɓarna ma yake yi. Maganinsa buɗe zagayen ne: ko a gyara mazaunin allurar, ko a kewaye fulot ɗin da siririn bututun kafilari, a zuƙe cikin injin sarai, a auna sabon metil fomet da sikeli a zuba, domin da kafilari yawan gas sai ya zo daidai, babu kwanon da zai riƙe rara.